Ranar da Malam Atu Ya Hau Jakina

Ina riƙe masa da kwanon koko yana kurɓa kaɗan-kaɗan, sai muka ji sallamar Shamaki daga ƙofar zaure. Malam Atu ya ture kwanon, ya shafe gemunsa.

"Tela, gyara mani matashin ga. Baƙon fada na, kada shi ishe ni kwance awa gawa."

Na ɗaga shi na jingina shi da bango. Wata uku ke nan ƙafafunsa na kumbure, numfashi kuma sai ya yi kokawa da shi. Ni sunana Ɗangiwa, ɗinki ne sana'ata, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa shekara goma sha shida. Tunda ciwon ya kwantar da shi nake zuwa da hantsi in zauna da shi kafin in buɗe rumfa.

Shamaki ya shigo da babbar riga mai aska biyu, ya ajiye ƙunshin goro a gefen tabarma. Bafaden Sarkin garinmu ne, shi ake aika wa idan magana ba ta son kunnuwa da yawa. Suka gaisa, ya yi masa ya jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya dube ni.

"Tela maƙwabcina na," in ji Malam Atu. "Ko ka kore shi, ta bisa katanga za shi ji."

Shamaki ya yi murmushin dole. "Zancen Lauwali ya kawo ni, Malam."

Garinmu yana kan hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe. Malam Atu tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, da ya dawo aka ɗauke shi a firamare yana koya wa yara motsa jiki. Shi ya kafa ƙungiyar sikawut a garin. Da farko ba abin da bai ji ba. Ana kiransu 'yan gajeren wando, ana cewa zai mai da 'ya'yan Musulmi sojan nasara. Liman da kansa ya kira shi kan maganar gwiwa a waje. Malam bai yi musu ba, ya kwaso wandunan nan duka ya kawo mini, na ƙara musu tsawo har suka rufe gwiwa. Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, yaran nan ne suka riƙa ɗaukar marasa lafiya zuwa ɗakin shan magani, suna jan ruwa ga gidajen da ba mai ja. Daga nan bakin mutane ya canza. Da aka sami 'yancin kai, Sarki ya ba su tuta, ya kuma ba su babban ɗansa, Yarima Na'iya, ya zama uban ƙungiya. Ni na ɗinka wa Yarima kakinsa, da yadi mai kyau da aka sayo daga Sakkwato.

To, ranar bikin cika shekara biyu da 'yancin, Yarima ya sa kakin nan ya tafi Tambuwal da motarsa. Lauwali, mataimakin Malam Atu, saurayi ne direba, shi ke tuƙa Yarima wani lokaci, amma ran nan bai bi shi ba. Bayan fareti Lauwali ya kwashi yara takwas suka je cike wani rami da ruwa ya ci a bakin hanya. Da la'asar motar ta dawo a guje, da wata mace mai dogon ɗaurin kallabi a gaba, wadda ba matar gidan sarauta ba ce. Wani Bafillace, Gidaɗo, yana tsallakar da shanunsa, motar ta kwashe shi da saniya guda ta watsar, ba ta tsaya ba. Yaran suka ɗaure masa karayar da sandunansu, suka ɗauko shi mil biyu a kafaɗa. Da ya farfaɗo aka tambaye shi, ya ce shi dai ya ga mai kaki da ƙyalle a wuya. Kwana biyu bayan haka 'yan doka suka kama Lauwali. Shi aka sani da tuƙa motar, ga shi da kaki, ga jini a rigarsa.

Kowa a garin ya san gaskiya, ba mai faɗa. Iyaye suka ja wa 'ya'yansu kunne. A kasuwa kuwa, baƙi daga Sanyinna da Dogon Daji suna tambaya ko gaskiya ne 'yan sikawut sun fara take mutane da mota. Cikin mako guda riga goma sha ɗaya aka aiko mini, a cire aljihu da maɓallan kafaɗa a mai da su rigunan zuwa gona.

"Abin da aka so kaɗan na," in ji Shamaki, ya sassauta murya. "Jibi za a kai zancen gaban alƙali. Yaran ga maganarka suka ji. Ka ce musu rana ta kashe musu ido, ba su ga wanda ke tuƙi ba. Lauwali yaro na, wata shida ko tara ya fito. Kuma fada ba ta mance alheri."

Malam Atu ya dubi ƙafafunsa, ya ɗago.

"Shamaki, ka sha koko? Maryama ta iya shi."

"Alhamdu lillahi, na karya."

"To ka gaishe mani da Sarki. Ka ce ina tafe gobe da hantsi, in ba shi amsa da bakina."

"Kai da ba ka iya tashi?"

"Jakin Tela na da ƙafa fuɗu, duk lafiyarsu lau."

Da Shamaki ya fita, Malam ya ƙwala wa matarsa kira ta ɗauko masa kakinsa daga cikin adaka. Inna Maryama ta kawo, ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida, ba ta miƙa ba.

"Malam, kai da ko bayan gida sai an riƙa ka? In ka faɗi bisa hanya fa?"

"In na faɗi yarana sun iya ɗaukar mutum. Ni na koya musu."

"Ba wasa nika yi ba."

"Ni ma haka, Maryama. Uwar Lauwali kwananta nawa ba ta ɗora tukunya ba? Ke kinka gaya mani."

Ta miƙo mini rigar. Muka gwada, ta ƙi haɗuwa a kan cikinsa da ya kumbura, saura kusan taƙi guda. Yinin ran nan a kan keken ɗinki na yi shi. Na farke gefe da gefe na sa ƙari, kuma ban sami yadi mai launinta ba, don tata ta koɗe da wanki. Ta fito da ratsi biyu masu duhu. Da na kai masa ya juya ta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka ƙara mani girma, Tela. Ko a soja ban sami igiya mai faɗin wagga ba."

Washegari da hantsi ni da ƙanena muka ɗora shi a kan jaki. Takalmi bai shiga ba, sai muka naɗe masa ƙafafun da tsumma mai tsabta. Ya ciro usur daga aljihu ya sa a baki, iska ta ƙi isa. Ya miƙo mini.

"Busa. Dogo guda, gajeru ukku."

Na busa, abin ya fito kamar kukan ɗan tsako. Ya ce in sake, in cika ciki da iska ba kumatu ba. A karo na uku ya fita sosai, har awakin unguwa suka watse.

Muka jira. Yara talatin ne a ƙungiyar. Bakwai suka zo. Ɗaya ba riga, uwarsa ta ɓoye, sai ƙyallen kawai a wuyansa. Cikin takwas ɗin da suka ga abin da ya faru, uku ne a nan. Na ƙarshen zuwa shi ne Ibrahimu ɗan Sarkin Fawa, mai shekara goma sha uku, ya iso a guje, ubansa na biye da shi da tsumagiya. Uban ya sha kwana ya yi kiciɓis da Malam Atu a kan jaki, ciki a kumbure cikin riga mai ƙari, hula a karkace. Ya tsaya turus. Ya dubi tsumagiyar hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ba, ya jefar da ita bayan danga.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau, Sarkin Fawa. Aron ɗanka nika yi, yanzu in maido ma shi."

Da muka kama hanya sai na ga Sarkin Fawa yana bin mu a baya.

Yaran suka jeru biyu-biyu, mai tuta a gaba, ni ina jan jaki, ƙanena na tallafe da bayan Malam. Mata na leƙowa ta kan katanga. Kafin mu kai ƙofar fada mutanen da ke bayanmu sun fi hamsin.

Malam ya ce yaran su tsaya a waje cikin inuwar ɗurumi. Muka shigar da shi, muka zaunar a gaban Sarki. Sarkinmu tsoho ne, sa'an Malam Atu, makarantar allo ɗaya suka yi. Ya dubi ƙafafun nan da ke naɗe, ya kau da kai.

"Atu, mi ya fito da kai cikin wanga hali? Da ka aiko, ni sai in zo."

"Ranka shi daɗe, an aiko mani saƙo daga gidan ga, na ga bai kamata in amsa shi daga kwance ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Shekara goma sha ɗaya ina gaya ma ɗiyan mutane abu guda: in kun gani ku ce kun gani, in ba ku gani ba ku ce ba ku gani ba. Ban iya komawa in ce musu wasa nika yi. Bakina ba shi iyawa. Amma kai ka ba su tuta, kai ad da gari. Ga su can waje. In ka ce su ce rana ta kashe musu ido, kira su ka gaya musu da kanka. Ni ba ni hana su."

Shamaki ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Har yau ban sani ba ko Sarki ya san da saƙon nan, ko kuwa an yi ne don a faranta masa. Fuskarsa ba ta nuna ba.

"A shigo mani da guda," in ji shi.

Aka shigo da Ibrahimu. Ya durƙusa.

"Ɗan wa?"

"Ɗan Sarkin Fawa, ranka shi daɗe."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Wa ke tuƙi?"

Yaron ya dubi Malam Atu. Malam bai dube shi ba, rufin zaure yake kallo.

"Yarima na, ranka shi daɗe."

"Mota na gudu. Ƙaƙa ka tabbata?"

"Da ya gan mu ya fiddo hannu ya yi muna gaisuwar sikawut, da yatsa ukku. Mu ma munka yi mai. Yana kallonmu bai ga shanun ba."

Wani daga cikin fadawa ya yi salati a hankali. Sarki ya rufe ido, ya buɗe. Sannan ya ce a kira Yarima. Da ya shigo ya ga yaron a durƙushe, ya ga Malam Atu cikin kaki, bai jira an tambaye shi ba. Ya zube ya ce, "Baba," sai kuka.

"Shamaki," in ji Sarki, "gobe kai za ka raka shi gun alƙali. Motar kasuwa za ku hau, tare da kowa. A gaya ma 'yan doka abin da anka ji nan." Ya juyo ga Malam. "Ka kunyata ni gaban garina, Atu."

"Na sani. Ka yafe mani. Da ina da sauran kwanaki da na bi ta sannu."

Sarki ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Tun muna yara ba ka san sannu ba." Ya sa aka kawo buzunsa na zama aka shimfiɗa a bayan jakina, don kada ƙashin jakin ya dami Malam a komawa.

Kwana uku bayan haka Lauwali ya dawo gida. Alƙali ya ɗora wa Yarima jinyar Gidaɗo da saniyar da ta mutu, aka karɓe masa izinin tuƙi, uban kuma ya tuɓe masa rawani ya ce ya koma wajen kawunsa can bayan Fakku. Maganar ta zaga kasuwanni. Aka ƙara mata gishiri, matar cikin mota ta zama uku, kwalbar giyar da aka ce an gani a motar ta zama akwati guda. 'Yan mata suka yi waƙa a dandali. Da Malam ya ji wasu yaransa na rera ta, ya sa aka kira su.

"Kun faɗi abin da kunka gani, ya ƙare. Wanda na sake ji da waƙar ga, shi kawo mani ƙyallenai."

Kwana goma sha tara ya ƙara yi a duniya bayan zuwa fada, kuma ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi kamar kwanakin nan ba. Jikin na ƙara lalacewa, shi kuwa sai fara'a. Masu riguna suka riƙa zuwa rumfata suna sosa ƙeya, wai ko ban riga na taɓa ba. Goma na mayar yadda suke. Ɗaya na riga na farke, sai da na sake haɗa ta. Kowace safiya matar Gidaɗo na aiko da kindirmo a ƙwarya, Malam ya sha cokali uku ya ce a ba yara sauran. Ya yi kwaɗayin dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, Inna Maryama ta dafa, ya ci ƙwaya biyar yana lumshe ido. 'Yarsa ta zo daga Sanyinna da jikoki, suka cika gidan da hayaniya, ya hana a tsawata musu. Ya ba ni labarin teku, yadda ya kwana ashirin a jirgin ruwa bai ga ko itace ɗaya ba, labarin da na ji ya fi sau talatin, na kuma saurara kamar sabo.

Ana gobe zai bar gari, Na'iya ya zo da azahar, shi kaɗai, ba rawani. Ya durƙusa a bakin tabarma ya ajiye ƙyallensa a ninke.

"Malam, na ɓata muku suna."

"Ka ɓata, yara sun gyara. Ka je ka ga Gidaɗo?"

"Kunya nika ji."

"Tafi da ita. Tana iya tafiya." Ya tura masa ƙyallen da yatsa. "Riƙe abinka. Ban kore ka ba. Randa ka ga ka isa sa shi, ka sa."

Na'iya ya fita yana share ido. Daga baya na ji ya je rugar, ya yini.

Ranar Alhamis da hantsi Malam ya ce yana son jin fareti. Ba makaranta ran nan, sai Lauwali ya tara yaran a filin ƙofar gida. Sun kai arba'in, don an sami sababbi, wasu ko kaki ba su da shi. Muka jawo tabarmarsa kusa da ƙofar zaure. Ba ya iya ɗaga kai, yana dai ji. Inna Maryama na zaune wajen kansa tana masa fifita, ni ina wajen ƙafa.

Ƙafafu na dukan ƙasa, Lauwali na ba da umarni. Malam ya motsa baki, na matsa kusa.

"Akwai guda... hagunai na makara."

"Sabo na, Malam. Jiya ya shiga."

"A bar shi. Za shi iya."

Ya yi murmushi. Can sai na ga numfashin ya canza. Na fara masa kalmar shahada, ya karɓa sau biyu a fili, na uku leɓɓansa kawai suka motsa. Inna Maryama ta ajiye maficin, ta shafa masa ido. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Tela, bari su kai ƙarshen layi tukuna." Muka zauna haka har Lauwali ya ce su tsaya, sannan na fita na gaya masa.

Bayan azahar aka yi masa sutura. Manyan yaran ne suka haƙa kabari, ba su bar kowa ya taɓa magirbi ba. Da aka idar da salla dattawa suka matso za su ɗauki makara, sai Liman ya ɗaga hannu, ya ce a ba yaransa su fara. Sarki ya bi gawa da ƙafa har maƙabarta, dogari na riƙe da hannunsa. Fulani sun zo da yawa daga ruga, suka tsaya gefe guda da sandunansu a kafaɗa. Gidaɗo ma an kawo shi a kan jaki.

Mako biyu bayan haka dawar gonarsa ta isa yanka. Ban ma san yaran sun shirya yanke ta ba, sai dai na dawo daga rumfa da la'asar na tarar da dammuna jere a jikin katangar gidansa, an share wurin tas, yaran sun watse. Na shiga gida ina alwala sai na ji muryar Inna Maryama ta bayan katanga.

"Tela, kana nan? Wane irin ƙulli na yaran ga sunka yi ma dammunan? So nika in ɗebi kaɗan in sussuka, na kasa kwance shi."

Na fita na tsuguna gaban dami ɗaya. Igiyar rama ce, an ɗaure ta da wani ƙulli mai kyau, baki biyu kwance gefe da gefe. Na ja nan, na ja can, ni da na shekara talatin ina harka da zare, ya ƙi. Na ɗauko almakashi, na sa, sai na fasa.

"A bar shi sai sun zo da safe," na ce mata.

"To, a bar shi."

Na zauna a dakalin ƙofar gidansa. Kurciyoyi biyu suka sauka kan damin ƙarshe suna tsattsagar zangarniya, ban kore su ba.